Injamena zuwa Gwanzu: Wai Awa Nawa Ne, Alhaji?

Tun da aka san ina zuwa Chaina sarin kayan sola, da wuya mako ya wuce ba a tsaya a bakin shagona a Kasuwar Dembe da ke nan Injamena an yi mini tambayar nan ba: "Alhaji, wai awa nawa ne daga nan zuwa Gwanzu?" In na ce awa 12, gaskiya na faɗa. In na ce 19, nan ma ban yi ƙarya ba. In kuwa na ce wa mutum ya ware kwana biyu, to wannan amsar ce za ta fi yi masa amfani. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin dalla-dalla, duk wanda ya sake tambaya in tura masa ta WhatsApp in huta da maimaici.

Nisan shi ne kaɗai abin da ba ya motsi a cikin lissafin. Daga filin jirginmu na Hassan Djamous zuwa filin Baiyun na Guangzhou, kamar yadda ake rubuta sunan garin a tikiti, kilomita 10,300 ne ko kusa da haka, in an bi layi mafi gajarta. Kewayen duniya gaba ɗaya kilomita 40,000 ne da 'yar ɗoriya, ka ga mai zuwa Gwanzu ya cinye rubu'in duniya har ya taɓa na biyu. Manyan jiragen fasinja, idan sun haye sama sun daidaita, gudunsu kilomita 850 zuwa 900 ne a awa. Raba ka gani, awa 12 za ka samu, sai ɗan abin da tashi da sauka suka ƙara. Da akwai jirgin da ke tashi daga nan ya miƙe kai-tsaye, da mutum zai bar gida bayan sallar asuba, ana kiran magariba a Injamena shi yana taka ƙasar Chaina. To, babu wannan jirgin. Awa 12 ɗin a takarda kawai take.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a ne ya nuna mini wani abu da har yanzu nake ba mutane labarinsa. Ya zo gida da ƙwallon nan mai zanen duniya, irin na makaranta, ya tsinko zare daga keken ɗinkin uwarsa, ya danne baki ɗaya da yatsa a kan Injamena, ya ja ɗayan har Gwanzu, ya ɗame shi tamau. Yawancinmu ɗauka muke yi Chaina gabas take sak, wato a bi ta Habasha a faɗa teku. Zaren bai bi nan ba. Ya karkata arewa maso gabas, ya ratsa Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, ya bi ta kan Makka, ya fita ta wajen Dubai, ya shiga arewacin Indiya, ya gifta ta saman ƙasar Bama, sannan ya gangaro kudancin Chaina. Yaron ya ɗago kai ya ce, "Kawu, in ka tada sallah a nan ka fuskanci alƙibla, to Gwanzu tana can bayan Ka'aba, layi ɗaya ne." Na ce masa ya bar wasa da manya. Sai ya buɗe manhajar alƙibla a wayarsa, ta nuna digiri 65 daga arewa. Ya zauna ya lissafa na Gwanzu a takarda, shi ma 65 ya fito.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duniya dunƙulalliya ce, taswirar da ke manne a bango kuwa shimfiɗaɗɗiya, saboda haka hanyar da ta fi gajarta a kan ƙwallo in an zana ta a takarda sai ta fito a lanƙwashe. Mu muna digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Gwanzu tana 23, amma sai da zaren ya hau har 27 a sararin Indiya kafin ya sauko.

Farkon wannan layi kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Kusan nan ne kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna zuwa aikin hajji, tun garin nan ana ce masa Fort-Lamy, don sai a 1973 aka sauya masa suna. Daga nan Abeche, Adre, Junaina, Fashir, har a kai bakin teku a Sawakin. Wani ya yi shekara a hanya, wani shekara da shekaru, suna tafe suna tsayawa ƙodago a gonakin auduga don su tara guzuri, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu na can Sudan har yau suna jin Hausa. Tsakaninmu da Jidda bai kai kilomita 2,800 ba. Jirgi na gama shi a cikin awa 4.

Tun da babu jirgi kai-tsaye, dole a yada zango a wani gari a sauya jirgi. Mu mutanen Injamena galibi ta Adis Ababa muke bi, wasu ta Alkahira, wasu ta Istanbul. Ta Adis, zangon farko kilomita 2,600 ne, na biyu 8,000. Ta Alkahira ma, ikon Allah, kusan haka yake cif: 2,600 da 8,000. Mutane ba sa yarda in na faɗa, sai su ce ta yaya wanda ya nufi arewa zai yi daidai da wanda ya nufi gabas. Ai zaren a tsakaninsu ya bi, Adis tana kudu da shi, Alkahira tana arewa da shi, kowacce ta kauce da kusan gwargwado ɗaya. Ta Istanbul, 3,500 ne da 7,900, jimla 11,400. Mai son ya bi ta Paris kuwa ya ɗauko wa kansa 13,700, ga batun bizar wucewa da sai ya bincika tun kafin ya biya kuɗi.

Yanzu a duba da kyau. Tsakanin hanyar Adis da ta Istanbul bambancin kilomita 800 ne, abin da jirgi ke shafewa a ƙasa da awa ɗaya. Amma in ka je ajans, wato ofishin masu sayar da tikiti, suka jera maka tikitoci a kwamfuta, za ka ga wani ya ce awa 19, wani 26, wani 33, kuma duk Gwanzu ɗaya za su kai ka. Wannan ratar ba a sama ake yin ta ba. A kan kujerar filin jirgi ake yin ta, kana rungume da jakarka kana kallon allo.

Filin yada zango tashar mota ce, ba wani abu ba. Mu kaɗai ba za mu cika jirgi mai ɗaukar mutum 300 zuwa Chaina kullum ba, mutanen Kano ma haka, na Yamai haka, na Duwala haka. Sai kamfani ya aika ƙananan jirage, galibi irin Boeing 737, su kwaso mu daga garuruwanmu da rana, a zube mu a wuri ɗaya da daddare, sannan a rarraba mu cikin manyan jirage, wannan ya nufi Gwanzu, wancan Mumbai, wancan Landan. In jirginka ya faɗo daidai lokacin da ake lodi, jiranka gajere ne. In ya faɗo bayan an tashi, sai ka jira lodin gobe.

Ga misalin tikiti, irin wanda aka saba gani, ko da yake lokutan kan ɗan motsa daga wata zuwa wata. Tashi daga Injamena 14:00, sauka a Adis 20:00. Tashi daga Adis 00:30, sauka a Gwanzu 16:00. Wanda bai saba ba zai ƙirga da yatsu ya ce zangon farko awa 6 ne, na biyu 15 da rabi, duka tafiyar kuwa daga ƙarfe 2 na ranar yau zuwa ƙarfe 4 na yammacin gobe, awa 26. Ko ɗaya bai yi daidai ba. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti, agogon garin da abin zai faru ne. Habasha tana gabanmu da awa 2, Chaina tana gabanmu da awa 7, kuma duk faɗin Chaina agogo ɗaya suke bi, na Beijin. To zangon farko awa 4 ne, jira a Adis 4 da rabi, zango na biyu 10 da rabi. Haɗa, 19. Lokacin da tayar jirgi ta taɓa ƙasa a Baiyun ƙarfe 4 na yamma, a Dembe ƙarfe 9 na safe ne, yara na cikin fitar da kaya bakin shago.

A dawowa lissafin juyewa yake yi. Tikiti zai ce tashi daga Gwanzu 00:30, sauka a Adis 06:30, sai mutum ya yi murna wai awa 6 ce. Awa 11 ce, Malam. Awa 5 ce tsakanin agogon Habasha da na Chaina, a tafiya ana cire ta, a dawowa ana ƙara ta.

Wannan 00:30 ɗin kuma ta kayar da mutane da yawa. In an rubuta Talata 00:30, ma'anarsa daren Litinin ne wayewar Talata, wato ranar Litinin bayan isha'i ya kamata a gan ka a filin jirgi. Na san wani dattijo, abokin cinikin mahaifina, da ya yi zamansa a masauki ranar Litinin yana ɗaure kaya a natse, ya isa filin jirgi ranar Talata da daddare da shirinsa tsaf, aka ce masa jirginsa ya sauka Adis tun da safe. Sai da ya biya tara aka sake masa rana. Da muka haɗu ya ce mini, "Ɗana, ni a saninmu dare na ranar da za ta zo ne, amma su waɗannan sun raba daren biyu sun ba kowa rabi." Na ce, "Baba, haka abin yake, ƙarfe 12 na dare suke yanke shi."

A Habasha kuma akwai wani ƙarin. Mutanen ƙasar suna da nasu ƙirgen agogo da ke farawa daga fitowar rana, abin da muke ce wa ƙarfe 7 na safe su ƙarfe 1 ne a wurinsu. Allunan filin jirgi ba sa bin wannan, agogon da kowa ya sani suke nunawa. Amma in an kai ka otal a cikin gari ka kwana, ka tambayi mai shara ko direba lokaci, ka tabbata wane agogon yake nufi, don awa 6 ce tsakani.

Filin jirgin Adis, wato Bole, da daddare abin kallo ne. Daga ƙarfe 8 zuwa 12 Afirka ce gaba ɗaya a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ga 'yan Kwango da manyan jakunkuna, ga Inyamurai suna waya da ƙarfi, ga hajiyoyin Kano da na Bamako sun shimfiɗa mayafi a lungu sun miƙe ƙafa, ga 'yan Chaina ma'aikatan hanya da na ma'adinai suna komawa gida, kowa da gorar ruwan zafinsa. A bakin ƙofar jirgin Gwanzu Hausa kake ji ta ko'ina, har ka manta ba a Kwari kake ba. Nan ake tambayar farashin dala, nan ake ba da lambar wakilin kwantena, nan kuma wanda bai taɓa zuwa ba yake samun wanda zai manne wa. Ka riƙe rigar sanyi a jakar hannu. Adis tana kan tudu, sama da mita 2,300 daga teku, kai kuwa ka baro Injamena ana zafin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu, da 'yar shadda marar nauyi a jikinka. Tudun nan har jirgi yana ji a jikinsa. Iskar wurin ba ta da kauri, saboda haka jirgin da ya sha mai ya cika da mutane da kaya sai ya yi gudu mai tsawo a kan titi kafin ya ɗaga. In ka ji kamar ba zai tashi ba, ka kwantar da hankalinka, haka yake yi kullum. Sanyin dare ma taimakonsa yake yi, don iska mai sanyi ta fi mai zafi kauri.

Ko a sama ɗin, awannin ba a kafe suke ba. Can inda jirage ke tafiya, kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, lokacin sanyi gudunta kan wuce kilomita 200 a awa a wasu wuraren. Mai tafiya Chaina tana tura shi ta baya, mai dawowa tana tare shi ta gaba, shi ya sa dawowa kan fi tafiya tsawo da rabin awa ko awa guda ko fiye. Da damina kuma a sararin Indiya wata iskar ce ke tasowa daga gabas, sai bambancin ya ragu. Wasu na cewa wai juyawar duniya ce ke kawo Chaina kusa ko ta nisanta ta. Ba haka ba ne, iskar da jirgi ke ciki tare da duniyar take juyawa.

Sai kuma abin da ɗan Adam ya jawo. Jirgi ba ya bin zare, hanyoyin da aka shata masa yake bi, kuma ba kowace ƙasa ce ake ratsa samanta ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen da ke tsakaninmu da gabas suka koma zagaye. A allon da ke bayan kujera kana ganin ɗan jirgin ya kauce ya yi baka maimakon ya miƙe. A watan Agustan wannan shekarar Nijar ma ta rufe nata na kusan wata guda bayan juyin mulki, masu zuwa Turai suka ji a jikinsu. Kamfanonin Turai kuwa tun 2022 ba sa bi ta saman Rasha, wannan ya ƙara wa hanyarsu ta zuwa Chaina tsawo. Duk rikicin da ka ji a rediyo, in yana kan hanyarka, to yana cikin tikitinka, a lokaci da kuma a kuɗin mai.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon matafiyi ba shi ne yadda rana ke yi masa. Mai tafiya gabas rana yake tara, saboda haka darensa gajere ne. Kun tashi daga Adis ƙarfe 12 da rabi, an ba ku abinci, an kashe fitilu, ka ɗan runtsa, bayan awa 3 da 'yan mintoci alfijir ya keto a kan teku. Agogon hannunka, in ba ka taɓa shi ba tun daga gida, ƙarfe 2 na dare yake nunawa. Tagogi a rufe suke, kowa na barci, ba ladan ba zakara. In ba ka ɗaga murfin taga ka leƙa ba, ko ka duba taswirar allo inda ake nuna iyakar dare da rana, sai dai ka farka ka tarar rana ta take. Lokacin asubar ma ya fi na ƙasa ƙanƙanta, don jirgin na gudu ne zuwa wajen hasken. Ni dai nakan yi alwala kafin a shiga, in haɗa magariba da isha'i a Bole, in roƙi na kusa da taga ya tashe ni in ya ga ja a gabas. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da yadda ake yi a kan kujera, kowa ya je wurin malaminsa tun kafin ranar tafiya, ba a bakin ƙofar jirgi ba inda kowa ke zama mufti.

A dawowa kuma dare ne ba ya ƙarewa. Rana ta faɗi kana Gwanzu, kun tashi tsakar dare, kuna gudu tana bin ku a baya, ba za ka sake ganinta ba sai kuna gangarowa Adis. Duhun awa 17 ke nan a jere. Mai azumi ya lura da wannan: tafiya gabas da rana tana rage masa wuni, tafiya yamma da rana tana ja masa shi.

Jiki kuma ba ya karanta tikiti. Ƙarfe 12 na dare a Gwanzu, jikinka ƙarfe 5 na yamma yake ji, ido ƙyam. Ƙarfe 9 na safe da ya kamata ka fita kasuwa, shi a wurinsa 2 na dare ne. Sai an kwana uku ko huɗu kafin ya sallama. Shawarar da nake ba kowa ita ce, ranar farko kada ka yi ciniki mai nauyi. Zaga, duba kaya, karɓi kati, ɗauki hoto, sha shayi, amma kada ka ajiye kuɗin kafin alƙalami. Mutumin da ke gaban kalkuleta ya yi barcinsa ya ƙoshi, kai kuwa kanka na kan filo a unguwar Digel ta Injamena. Kuma a gaya wa mutanen gida lissafin nan. Uwargida ta gama aikinta ƙarfe 9 na dare ta ce bari ta ji lafiyar maigida, a can ƙarfe 4 na asuba ne, daidai lokacin da barcin ya fara zuwa. WhatsApp ma ba ya aiki a layin Chaina yadda muka saba, gara a sauke WeChat, manhajar hira ta Chaina, a wayoyin gida tun kana nan.

Duk wannan daga fili zuwa fili ne. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki wani lissafin ne. Filinmu a cikin gari yake, wannan sa'a ce, amma duk da haka awa 3 kafin tashi ake so ka iso, ga awon kaya, ga duba fasfo da biza da katin rigakafin shawara. 'Yan uwanmu na Kamaru, na Kusiri da Marwa, da ke zuwa su hau a nan, su sai su ƙara da tsallake gadar Ngeli, kuma ban taɓa ba wani shawarar ya tsallako ranar tafiya ba, ya zo tun jiya ya kwana. Wanda ya taso daga Garwa kuwa ya riga ya kashe wuni guda ko fiye a mota kafin ya ga jirgi da idonsa. A can kuma, daga saukar jirgi zuwa fita daga hannun jami'an shige da fice, da ɗaukar hoton yatsu, da jiran akwati, ka ba shi awa ɗaya zuwa biyu. Filin Baiyun, wanda aka buɗe a 2004, yana arewa da gari da kusan kilomita 30. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 3, akwai tasi, amma kafin ka kai Xiaobei inda mutanenmu suka fi sauka, inda ake samun abincin halal, wata awar ta tafi. Awa 19 ta zama 25. In lokacin baje kolin Canton ne, wanda ake yi a Gwanzu sau biyu a shekara tun 1957, a Afrilu da Oktoba, to layin ya fi haka tsawo, otal ya fi haka tsada.

A kan zaɓen tikiti ina da ra'ayi, kuma ba na ɓoye shi. Araha ba ta ado. Wata hajiya maƙwabciyarmu mai sarin takalma da jakunkunan mata, wani ɗan ajans ya samo mata tikiti da ragin sefa dubu 80, ta zo tana murna. Na karɓa na duba, ashe tikiti biyu ne daban-daban ya liƙa mata, kamfani biyu da ba su da alaƙa, da jiran awa 17 a tsakani. Na ce, "Hajiya, kin san a can sai kin fita kin karɓi akwatinki kin sake awo? Kina da bizar shiga ƙasar?" Ta ce shi bai gaya mata ba. In jirgin farko ya makara na biyu ya tafi, babu wanda zai saurare ta, don a wurin kamfani na biyu ita ce ba ta zo ba. In kuwa tikiti ɗaya ne tun daga Injamena har Gwanzu, kamfanin ne zai nemo maka wani jirgin, kayanka kuma tun daga nan ake manna musu takarda mai CAN, ba ka sake ganinsu sai can. Ka duba takardar nan da idonka kafin akwati ya shige, NDJ mu ne, ADD Adis, CAN Gwanzu.

Jiran da ya yi gajarta da yawa shi ma tarko ne. Awa ɗaya a takarda tana da daɗin gani, amma jirginmu ya makara da minti 40 saboda ƙurar hunturu ko hadarin Agusta, shi ke nan, ko kai ka shiga da gudu akwatinka bai shiga ba. Ni awa 3 zuwa 5 nake nema. Ta ishe ni in yi sallah, in ci abinci, in caja waya, in nemo ƙofa ba tare da haki ba. In ya zama dole jiran ya wuce awa 8, wasu kamfanonin suna ba da otal, amma da sharuɗɗa, sai a tambaya a ajans kafin a biya, a kuma sa su rubuta.

Mu masu kayan sola muna da ƙarin abin lura. Batirin litiyom da fawa banki ba a sa su a akwatin da za a auna, a jakar hannu ake riƙe su, kuma manya ba a yarda da su ko a hannun. Tun ƙarshen watan Yunin 2025 Chaina ta hana shiga jiragen cikin gida da fawa bankin da ba shi da tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta ƙasar, saboda haka mai wucewa garin Yiwu ta jirgi ya duba nasa, in ba haka ba a bakin bincike zai bar shi.

Kai ka dawo gida cikin awa 18 ko 19, da akwati biyu masu kilo 23 in tikitinka ya ba ka haka, mafi yawa samfur da tsarabar yara. Ainihin kayan suna baya. Kwantena tana barin tashar jiragen ruwa a kudancin Chaina, ta yi wata ɗaya da rabi ko biyu a teku kafin ta iso Duwala ko Kribi. Sai zaman fito a tasha. Sai hanyar ƙasa ta kusan kilomita 1,800, ko dai a tirela tun daga bakin teku, ko a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sannan a ɗora wa mota, ta Garwa da Marwa da Kusiri, ko ta Tuboro da Mundu. In ka ce wata uku daga biyan kuɗi zuwa sauke kaya a Dembe, ba ka yi wa kowa alkawarin ƙarya ba. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan azumi da sabuwar shekarar Chaina kusan tare suke faɗowa, a 2026 kwana ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, kuma lokacin bikin nan masana'antu rufewa suke yi na makonni, ma'aikata duk sun tafi ƙauyukansu. Wanda yake son fankoki da fitilun sola su same shi kafin a ga wata, tafiyar Oktoba ce tasa, kuma ya yanki tikitinta tun a Agusta kafin 'yan baje koli su cinye kujerun.